Taku Uku Daga Turke

Aikina a gandun nan ba aikin da ake yi wa mutum kirari a kansa ba ne. In na idar da sallar Asuba sai in ɗauki buhu da manjagara in gangara bakin teku, in tsince ledoji da tsummokaran igiya da ruwa ya watso, in tsaya Ustaz Talal ya gama ƙirga sawun kunkurayen da suka hawo yin ƙwai, sannan in bi in share sawun don kada gobe ya sake ƙirga su. Shekarata tara ina wannan. Sunana Joka 'yar Halfan, amma tun da gwamnati ta keɓe gaɓar nan ta ɗauke ni aiki, 'yan garinmu suka mayar da ni Uwar Kunkuru. Da a bayan idona suke faɗi, yanzu har a gidan biki, ni kuwa ina amsawa.

Ustaz Talal shi ne jami'i na huɗu da aka turo mana daga birni. Saurayi ne mai ladabi, Hala yake kirana, kamar ni ƙanwar uwarsa ce. Ilimi kuma yana da shi, har ya san irin zafin yashin da ke sa ƙwai ya fito mace. Abu ɗaya ne ya kuɓuce masa, abin da duk ɗan masuncin garinmu ya sani tun bai iya ɗaura zane ba.

Uwar kunkuru ba wawuya ba ce. In ta hawo ta haƙa, ta zuba ƙwanta ɗari da wani abu ta binne, ba ta juyawa haka nan ta tafi. Sai ta dinga jan jiki gaba tana watso yashi baya, har ta tara tudu a kan ƙwan, ta bar wani ƙaton rami can gaba, taku uku daga inda ƙwan yake. Wannan ramin na yanyawa ne da baƙo. In aka yi sati biyu iska ta baje tudun, ramin kaɗai ido zai gani. Da yake kuma yawancinsu tudu suke fuskanta in suna haƙa, ƙwan yakan kasance ta ɓangaren ruwa.

Ustaz Talal a ramin yake kafa turkensa, mai jan ƙyalle da lamba. Na faɗa masa sau ɗaya, satin da ya zo. Ya ce, "Na gode, Hala," ya duba na'urarsa, ya ci gaba da buga turke a rami. Ban sake magana ba. In gaya muku gaskiya har daɗi abin ya yi mini, don masu zuwa shan iska ranar Juma'a, in kwaɗayin ƙwan kunkuru ya kama su, gindin turke suke tonawa har hammata, su tashi hannu wofi. Ina hango su daga nesa ina dariya. Dariyar nan ita ce ta jawo mini abin da har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Ni a wurin Baba na koya. Halfan, Allah ya jiƙansa, shi ne gwanin tonon ƙwai na gaɓar nan kaf, tun ba a hana ba. Yana da wata sandar magarya mai tsini. Sai ya dubi sawu, ya dubi rami, ya yi taku uku ya soka, ya zaro, ka ga tsinin ya jiƙe da gwaiduwa. Yayana Musallam ke tonawa, ni ke ɗaukar kwando. Wata rana, ina da shekara goma, muka tarar da wata uwa da ta makara, gari ya waye tana jan jiki za ta koma ruwa, a gajiye liƙis, ido na zubar ruwa. Kafin ta kai bakin ruwa kwandona ya cika da abin da ta kwana tana binnewa. Daga ranar na fara cutar Baba. Kullum sai in riga su fita, in zaɓi gurbi ɗaya, in share sawunsa da ganyen dabino, in ture yashi in cike ramin, in tattake wurin kamar awaki ne suka bi. Na shekara biyar ina haka, ban gaya wa kowa ba.

Jami'in farko ne ya gaya mini cewa kunkuru yakan yi shekara talatin a teku sannan ya dawo gaɓar da aka ƙyanƙyashe shi. Na zauna na lissafa da yatsu. Ko a yarda ko kada a yarda, waɗannan da ke hawowa yanzu nawa ne, daga ƙwan da na ɓoye wa Baba suka fito. Sandar Baba kuwa na yanke mata tsini, ita ce ƙotar manjagarata.

Bana kifin uma, ɗan ƙaramin kifin nan mai zuwa garke-garke, ya zo da wuri. A al'ada sai gurbi na ƙarshe ya ƙyanƙyashe sannan yake cika gaɓa, a ja shi da taru, a baza a faƙon shanya, ya zama abincin awaki da raƙumanmu na shekara guda. Ga shi kuma ruwan da aka yi watan jiya ya cinye hanyar mota ta baya, wadda ke zagayawa daga wurin jan taru zuwa faƙon. Ba hanya sai ta bakin teku, taku ɗari shida, ta tsakiyar gandu, jiƙaƙƙen yashin ƙasa kuwa ba ya ɗaukar mota da kaya. Musallam, wanda yanzu shi ne nahoda, shugaban masu taru, ya je ya sami Ustaz Talal da la'asar, suka sha gahawa, suka fito da igiya suka shata hanya. Suka bi da ita ƙasa da jerin turakun, ta ɓangaren ruwa, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ustaz ya sa hannu a takarda. Ni ina can wajen 'yata Nasra da ta haihu, ba wanda ya ga dalilin tambayar mai tsintar leda.

Da safe ina hawowa tudun yashi na ji ƙarar mota inda mota ba ta taɓa shiga ba. A-kori-kurar Hamdun ce, an cika ta da uma har yana zubowa, ta riga ta yi taku arba'in cikin gandu. Na dubi igiyar da suka ja, na dubi turakun. Gurbi goma sha tara ne a kwance a kan hanyar nan, na san kowanne kamar yadda na san gidajen unguwarmu. Na farkon yana bayan motar, taya ta riga ta bi ta kansa.

Rabon da in yi gudu tun ina budurwa. Na watsar da takalma da buhu, na sha gaban motar, na zauna daram a kan yashi, manjagara a cinya.

Hamdun ya taka birki ya leƙo. "La'ila! Ummu Nasra, kashe kanki za ki yi ki ja mini?"

"Kashe motar."

"Nahoda ne ya ce in..."

"To kira nahodan."

Ba sai an kira shi ba. Musallam ya taho a jiƙe har ƙugu, ɓawon kifi a gemu, mazan taru kusan ashirin a bayansa.

"Joka, lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Hutawa nake yi."

"Duk faɗin gaɓar nan ba ki ga wurin hutu ba sai gaban taya?"

"Nan inuwa take."

Aka kwashe da dariya. Mabkut, wanda ba ya taɓa igiyar taru sai an kusa gama ja, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ƙyale ta, jama'a, kwanci take yi. Yau za ta ƙyanƙyashe."

Na ce, "Gara ni a kan ƙwai nake kwanci, Mabkut. Kai shekara nawa kana kwanci a tabarmar mai gahawa, me ya fito?"

Dariyar ta koma kansa, amma Musallam ko murmushi. Ya dubi rana, ta fara ɗagowa. Kowa a wurin ya san in uma ya yi hantsi a tsibe ba a baza shi ba, ƙasansa dahuwa yake yi ya ruɓe, ko akuya ba ta ci.

Sai ga Ustaz Talal da sauri, takarda a hannu. "Hala, ki kwantar da hankalinki. Ni da kaina na auna. Ba turken da hanyar nan ta kusanta da ƙasa da taku biyu."

"Turakunka suna nan lafiya, Ustaz, ba abin da zai same su. Ƙwan nake ji."

"Ai ƙwan yana ƙarƙashin turke."

"Tona mu gani."

Ya dube ni, ya dubi mazan. Don ya rufe mini baki ne ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa gindin turke mai lamba talatin da ɗaya, wanda ke daidai da hancin motar. Ya tona har gwiwar hannu, ya tona har kafaɗa, kumatunsa a kan yashi. Wasu cikin mazan suna kallon ƙasa, don duk sun san abin da zai samu. Ya miƙe yana haki, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa.

"Wataƙila yanyawa ta riga mu."

"Yanyawa ba ta binne rami in ta gama, Ustaz."

"To ina yake?"

"Ni mai tsintar leda ce. Ga ɗan Halfan nan tsaye, tambaye shi."

Na jefa manjagarar a gaban Musallam. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai tun da na hango motar. Ustaz bai sani ba, baƙo ne. Amma wanda ya riƙe masa bakin igiya jiya, hannun nan nasa sun tone gurbi ya fi dubu. Ya san abin da yake shata hanya a kai, ya yi shiru ya sha gahawarsa.

Musallam bai taɓa manjagarar ba. Ya ce, "Shekara talatin rabona da wannan aikin. Na manta."

"Ka manta?"

"Na manta."

Na juya wajen mazan. "Kun ji ko? Ku shaida. Ɗan Halfan ya ce bai san inda ƙwan kunkuru yake ba. Hamdun, in ka koma gida ka gaya wa tsohonka, shi da ya yi shekara ashirin yana gasa da Baba bai taɓa cin nasara ba. Ka ce masa ya kwanta da daɗi, gidan Halfan ya ƙare, saura mace."

"Joka, ki iya bakinki."

"Faɗi da ƙarfi kowa ya ji, Yaya. Ka ce turken nan daidai yake, ni kuwa in tashi yanzu in ba ku hanya."

Na san shi, ciki ɗaya muka fito. Zai iya jure asara, zai iya jure zagi, amma ba zai iya tsayawa gaban mutanen da yake shugabanta ya ce bai iya karanta yashi ba. Ya yi ƙwafa, ya je gindin turken, ko duba sawu bai yi ba, ya juya baya ga tudu ya yi taku uku. Ya tsaya a tsakiyar hanyar, tsakanin gwiwata da tayar mota, ya nuna ƙasa da babban yatsan ƙafa.

"Nan."

Ustaz Talal ya durƙusa zai kafta hannu, na riƙe shi. "A hankali. Wannan kwanansa hamsin da shida, sun riga sun fasa. Dubi yadda wurin ya ɗan lotsa. Suna nan kusa, sanyin yamma suke jira. Share da tafin hannu."

Ya share sau ɗaya, sau biyu. A na huɗu wani ɗan baƙin kai, bai fi ƙwallon dabino ba, ya motsa a ƙarƙashin yatsunsa, wani ya motsa kusa da shi. Ustaz ya mayar da yashin da sauri ya rufe su. Ya ɗaga kai ya bi jerin turakunsa da kallo har ƙarshen gaɓa, ya bi igiyar da kallo. Tausayinsa ya kama ni, amma ba ranar tausayi ba ce.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba.

Musallam ya ce, "To an gani. Sai me? Gida arba'in ke jiran kifin nan, Ustaz. Dabbobinmu ba ƙwan kunkuru za su ci ba. Ka sa hannu ko ba ka sa ba?"

"Na sa, Nahoda, amma ban san..."

"Takarda ta ce mu bi nan ko ba ta ce ba?"

"Ku ba ni minti goma in kira ofis. Ni kaɗai ba ni da ikon soke ta."

Ya hau tudu da gudu yana ɗaga waya sama yana neman layi. Musallam ya juya ya ce, "Hamdun, tayar."

Hamdun ya tayar da motar, ya dube ni, ya sake kashewa. Ya fito ya bar ƙofa a buɗe. "Nahoda, ni kam a'a. Ƙanwarka ce, ga makulli nan a jiki."

Musallam ya shiga ya zauna. Ta gilashi muke kallon juna. Ya tayar, ya taka har tayoyin baya suka tono yashi, ya saki kaɗan, motar ta matso. Ƙarfen gaba ya taɓa kafaɗata, da zafi kamar murfin tukunya. Ruwan kifi yana ɗiga ta ƙasa, warin mai ya cika mini hanci. Tsoro kam na ji shi, ba zan yi ƙarya ba. Amma a ƙarƙashin cinyata ina jin yashin yana motsi kaɗan-kaɗan, kuma na riga na gama da raina cewa in taya za ta hau su, sai dai ta fara hawa ni.

"Joka, tashi!"

Na kwance bakin mayafina, inda nake ƙulle karin kumallona, na ɗauki dabino ɗaya na sa a baki. Na tauna a hankali, na tofar da ƙwallon a kan murfin injin, ya yi ƙara ƙwal.

"Wallahi sai in..."

"Kada ka rantse, Yaya, azumin kaffara wuya yake ba ka. Taho kawai. In ka gama ka je ka gaya wa Nasra ita da jaririnta."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji injin ya mutu. Musallam ya fito ya buga ƙofar har motar ta girgiza, ya yi jifa da makullin, Hamdun ya cafe. Bai dube ni ba. Ya daka tsawar da na tabbata an ji ta har masallaci.

"Kwanduna! Kowa ya je gidansa ya kwaso kwanduna! Ku taso mata da duk mai wuyan ɗaukar kaya! Kai Mabkut, in na ga kanka ba gammo yau, ba ka da rabo a tarun nan!"

Haka aka yi, kamar zamanin Baba kafin motoci su zo. Ni na shiga gaba ina jan manjagara a baya, ina zana musu hanya, tana lanƙwasa nan tana kaucewa can, suna bina a layi ɗaya da kwanduna a ka, ruwan kifi na bin wuyansu. Taku ɗari shida zuwa, ɗari shida dawowa, yashi ya yi zafin da ba a tsayawa wuri ɗaya. Zagi kuwa na sha shi ranar, na gaba da na baya. Wata ta ce Allah ya sa kunkurun ya yi mini jana'iza. Na ce amin, ai su sun san hanyar gida. Ustaz Talal ya sauko daga tudu da labarin cewa ofis ya ce a dakata za a duba, ya tarar ba mai sauraronsa, sai ya tuɓe takalma ya nemi kwando. Sau biyu ya faɗi da shi.

Ba mu gama ba sai bayan Azahar, kuma ba mu tsira duka ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kifin ya dahu a tsibe, aka mayar wa tsuntsayen teku. Na ga Musallam tsaye a kan tsibin yana kallonsa, hannu a ƙugu. Na san me wannan yake nufi ga gidajen da ke da awaki goma da raƙumi ɗaya, kuma ban ji daɗi ba. Amma ban je ba shi haƙuri ba, don da za a mayar da safiyar baya, a wurin nan zan sake zama.

Aka mayar da motar da baya a kan sawunta, na sa ta kauce wa gurbin da ta riga ta taka. Ni da Ustaz muka buɗe shi. Na sama, waɗanda suka riga suka hawo suna jiran yamma, duk sun mutu, ashirin da uku, a lallatse. Na ƙasa suna da rai, muka mayar muka rufe. Ustaz ya ce, "Laifina ne, Hala." Na ce, "Rabi naka ne. Rabi na wadda ta sani ta zauna tana dariya." Ya ciro turken daga ramin ƙarya ya miƙo mini, ya ce in nuna masa. Muka yi guda shida, sauran muka bar wa gobe, don akwai abin da ya fi su gaggawa.

Sawun taya ne. Kwari biyu, taku arba'in, a kwance tsakanin gurabe da ruwa. Ɗan kunkuru in ya faɗa irin wannan ba ya iya hawowa, sai ya yi ta bin kwarin har gari ya waye tsuntsaye su tsince shi. Na tura Ustaz ya je ya wanke ƙafafunsa da suka yi bororo, na kama baje kwarin ni kaɗai. Bayana ya riƙe, hannuwana sun ƙi ɗaguwa. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ban kai rabi ba, inda tayoyin suka tona da zurfi kuwa ko taɓa shi ban yi ba. Sai na ga wurin da na zauna da safe ya fara tafasa kamar tukunyar shinkafa. Kai ɗaya, kai biyar, sannan suka ɓarko gaba ɗaya.

Wani hannu ya fizge manjagarar daga nawa. Musallam ne, ya yi wanka ya sa farar riga zai tafi masallaci. Ya shiga ja da ƙarfin da ni ba ni da shi, yana turo yashi cikin kwarin, yana bi da ƙafa yana daidaitawa. Ni kuma na durƙusa ina tsamo waɗanda suka riga suka faɗa ina ajiye su a sarari. Suka bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta kan yatsunsa, suka gangara, ruwa ya zo ya kwashe su.

Da na ƙarshe ya shige, ya tsaya yana haki, yana jujjuya ƙotar a hannu. Ya shafa wurin da tafin Baba ya cinye itacen har ya yi santsi.

"Kin yanke mata tsini."

"Na yanke."

"Kin ja mini asarar da ban taɓa yi ba tun da na zama nahoda."

"Na sani."

"Ba za ki ce in yi haƙuri ba?"

"A'a."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Tun kina ƙarama haka kike. Kin ɗauka Baba bai sani ba?"

"Bai san me ba?"

"Aikinki na asuba. Wai awaki! Wace akuya ce ke da yatsu biyar a ƙafa? Tun daga nesa yake ganewa. Sai ya taɓa ni da sandar nan ya ce, zagaya, wannan na Joka ne."

Na zauna a kan yashi. Shekara talatin da biyar ina ɗauke da abin nan a raina, ina ganin na ci amanar tsohon da ya mutu bai san na cuce shi ba. Ban yi kuka a gaban mota ba, amma a nan na yi, har da shessheƙa, ban kuma ɓoye fuska ba.

Musallam ya jingina manjagarar a kafaɗata. Aka fara kiran Magariba.

"Gobe ma akwai taru," in ji shi.

Na share hanci da mayafi. "Gobe ma akwai ni."

"Na sani. Na aika a aro kwanduna daga ƙauyen gaba."

Ya juya ya nufi gari ta cikin gandu, hannu a baya, kai a sama, ko sau ɗaya bai dubi ƙasa ba. Na bi shi da ido har ya hau tudu. Duk turken da ya zo kusa da shi, sai in ga ya lanƙwasa, ya bar taku uku ta ɓangaren ruwa, ya zagaya.